Yadda Ake Gano Sinadarin da Zai Fara Ƙarewa da Nauyin Abin da Za a Samu a Lissafin Kemistiri

Duk lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, tambaya guda ce ke yawan fitowa daga bakin 'yan ajin kimiyya: "Malam, an ba ni nauyin sinadarai biyu, da wanne zan yi lissafi?" Idan nauyin sinadari ɗaya aka bayar, yawancin ɗalibai kan wuce ba gardama. Da zarar lambobin sun zama biyu sai hannu ya fara rawa: wani ya ɗauki ƙaramar, wani ya ɗauki wadda aka fara ambata, wani ma ya tara su wuri guda ya raba biyu. Duk caca ce. Ba a yanke wannan hukunci da giram. Sai an mayar da komai mol, wato ma'aunin da ake ƙirga yawan ƙwayoyin sinadari da shi, an kuma auna shi da abin da ikweshan ya nema, wato layin da ke nuna sinadaran da aka haɗa da abin da suka bayar.

Za mu bi tambaya ɗaya tun daga farko har ƙarshe:

An haɗa giram 56 na naitirojin da giram 15 na haidirojin don samar da amoniya. Wanne zai fara ƙarewa, giram nawa na amoniya za a samu, kuma me zai saura?

Da gangan na zaɓi amoniya. Da ita ake yin takin yuriya da manomanmu ke saya buhu-buhu, kuma masana'antar taki ta Dangote da ke Lekki a Legas da ta Indorama da ke Eleme a jihar Ribas wannan lissafin suke yi kullum, sai dai su da tan suke aunawa, kai kuma da giram.

Kayan aiki

Biro, takarda mai fili, jadawalin sinadarai da kalkuleta. Ba sai ka kashe kuɗi a kan kalkuleta mai tsada ba, domin ninkawa da rabawa ne kawai aikin. 'Yar ƙaramar ta kimiyya da ake sayarwa a shagon littattafai ta isa har ta yi yawa. Mai shirin JAMB ya sani ba a shiga da kalkuleta ɗakin jarrabawa, wadda ke kan allon kwamfuta ake amfani da ita, don haka ya saba da yin ƙananan rabe-rabe da ka.

Yana da kyau ka haddace nauyin atom na sinadaran da suka fi fitowa: H 1, C 12, N 14, O 16, Na 23, Mg 24, S 32, Cl 35.5, Ca 40, Fe 56. Amma idan tambaya ta kawo nata a ƙarshe, nata za ka bi ko da ya saɓa wa wanda ka haddace. Jan ƙarfe, alal misali, wata tambayar takan ba shi 63.5, wata 64, kuma da lambar da aka ba ka aka shirya amsar da ke hannun mai maki.

Mataki na 1: Rubuta ikweshan, ka daidaita shi

N₂ + H₂ → NH₃

Ƙirga atom na kowane ɓangare. A hagu naitirojin biyu ne, a dama ɗaya. Sa 2 a gaban amoniya. Yanzu haidirojin na dama ya zama shida, sai ka sa 3 a gaban H₂:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Waɗannan lambobi na gaba, 1 da 3 da 2, su ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Inda ba a rubuta komai ba, 1 ne. Ni nakan ce wa ɗalibai su rubuta wannan 1 ɗin da fensir, don ido ya riƙa ganin sa.

Hattara: lambar gaba kaɗai ake taɓawa. Ƙaramar lambar da ke ƙasan harafi ba taka ba ce. Wanda ya mayar da NH₃ ya zama N₂H₆ don lissafi ya zo daidai, ya ƙirƙiro wani abu dabam ne, ba amoniya ba. Haka kuma ko da tambaya ce ta kawo ikweshan a rubuce, sake ƙirgawa, domin akan kawo shi ba a daidaita ba don a gwada ka.

Mataki na 2: Nemo nauyin mol ɗaya na kowane sinadari

N₂: 14 × 2 = giram 28
H₂: 1 × 2 = giram 2
NH₃: 14 + (1 × 3) = giram 17

Wannan matakin ba wuya, amma a nan maki ke zubewa ba a sani ba. Iskar naitirojin, haidirojin, oksijin da kulorin duk bibbiyu atom ɗinsu ke tafiya, saboda haka 28, 2, 32 da 71 ne nauyinsu, ba 14, 1, 16 da 35.5 ba. Idan fomula na da baka, lambar da ke bayan bakar ta shafi duk abin da ke ciki: Ca(OH)₂ shi ne 40 + 2 × 17, wato 74. Idan gishiri ne mai ɗauke da ruwa a jikinsa, kamar shuɗin nan CuSO₄·5H₂O, ruwan ma ya hau sikeli, dole ka ƙara 90.

Hattara: kada ka sa lambar gaba a nan. Nauyin mol ɗaya na haidirojin 2 ne, ba 6 ba, duk da akwai 3 a gabansa. Ukun nan yana da wurin aikinsa a mataki na huɗu, kuma wanda ya yi amfani da shi a nan yakan sake amfani da shi a can, ya zama ya ƙirga shi sau biyu.

Mataki na 3: Mayar da abin da aka ba ka mol

Raba nauyin da aka bayar da nauyin mol ɗaya.

Naitirojin: 56 ÷ 28 = mol 2
Haidirojin: 15 ÷ 2 = mol 7.5

Idan da kilogiram aka ba ka, ka ninka da 1000 tukuna ya koma giram. Kada ka gutsure lambobin bayan ɗigo tun yanzu. In kalkuleta ta ba ka 0.0347, kar ka rubuta 0.03, ka riƙe aƙalla lambobi uku masu ma'ana har sai ka kai amsar ƙarshe. Gutsurewar da ka raina a nan, idan aka ninka ta da nauyi irin 111 ko 250, sai ka ga amsarka ba ta cikin zaɓin da aka jera maka.

Mataki na 4: Raba kowane mol da lambar gabansa

Nan ne zuciyar aikin, kuma layi biyu ne kacal.

Naitirojin: 2 ÷ 1 = 2
Haidirojin: 7.5 ÷ 3 = 2.5

Wanda ya ba da lamba mafi ƙanƙanta shi ne zai fara ƙarewa, shi ne sinadari mai ƙayyadewa. A nan naitirojin ne. Haidirojin kuma ya yi rara.

Me wannan rabawar ke nufi? Ikweshan ya ce duk zubi ɗaya yana cin mol 1 na naitirojin da mol 3 na haidirojin. Naitirojin da ke hannunka ya isa zubi 2, haidirojin ya isa zubi 2 da rabi. Bayan zubi na biyu naitirojin ya ƙare, aiki ya tsaya, komai yawan haidirojin da ya rage.

Lura da cewa naitirojin ya kusa ninka haidirojin sau huɗu a nauyi, amma shi ya fara ƙarewa. Uwargida ta san wannan: mudu biyar na shinkafa ya fi ƙullin gishiri nauyi nesa ba kusa ba, amma shinkafar za ta ƙare gishirin na nan, domin kowace tukunya shinkafa take ci da yawa, gishiri kuwa ɗan barbaɗe. Abin dubawa shi ne nawa kowane zubi ke ci.

Akwai kuskure na biyu da ya fi na giram ɓoyuwa, kuma ɗalibai masu ƙoƙari ya fi kamawa: su mayar da komai mol yadda ya kamata, sannan su ce mai ƙarancin mol shi ne mai ƙayyadewa, ba tare da sun raba da lambar gaba ba. A tambayarmu sa'a za ta fisshe su, tunda 2 bai kai 7.5 ba. To bari mu rage haidirojin ya koma giram 9, naitirojin na nan a 56:

Naitirojin: mol 2, a raba da 1 = 2
Haidirojin: 9 ÷ 2 = mol 4.5, a raba da 3 = 1.5

Har yanzu mol ɗin haidirojin ya fi na naitirojin yawa, 4.5 da 2, amma yanzu shi ne zai fara ƙarewa. Wanda ya tsallake rabawar ya faɗi wannan tambaya tun kafin ya fara neman nauyin amoniya.

Wasu littattafan kan koyar da wata hanya: ka lissafa amoniyar da kowane sinadari zai iya bayarwa shi kaɗai, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Amsa ɗaya za ta ba ka, ba laifi. Sai dai ta ninka maka aiki, kuma a ɗakin jarrabawa lokaci ba ya jira. Idan sinadaran uku ne, tazarar ta ƙara fitowa: rabawa uku ka gama.

Idan lambobin biyu suka fito daidai wa daida, babu mai rara. Duka tare za su ƙare, ka yi lissafi da wanda ka ga dama. Idan kuma tambaya ta faɗa da bakinta cewa ɗaya ya yi rara, ta hutasshe ka wannan mataki, ɗayan ne mai ƙayyadewa. Sinadarin da aka sa don hanzarta aiki kawai, kamar baƙin ƙarfen da ake amfani da shi wajen yin amoniya, ba ya shiga wannan gasar, domin ba a cinye shi.

Mataki na 5: Lissafa nauyin abin da za a samu

Daga nan ka manta da mai rara. Ja layi a ƙarƙashin mai ƙayyadewa, da shi kaɗai za ka ci gaba.

Ɗauki ƙaramar lambar nan ta mataki na huɗu, wato adadin zubi, ka ninka ta da lambar gaban abin da ake nema:

2 × 2 = mol 4 na amoniya

Sannan ka ninka da nauyin mol ɗaya:

4 × 17 = giram 68 na amoniya

A misalin giram 9 na haidirojin kuwa: 1.5 × 2 = mol 3, sannan 3 × 17 = giram 51.

Hattara: a takardar rubutu ta WAEC da NECO, kusan kowane layi na da makinsa. Rubuta a fili cewa mol 1 na N₂ yana ba da mol 2 na NH₃, saboda haka mol 2 zai ba da mol 4. Ko da ka yi tuntuɓe a ninkawar ƙarshe, makin hanya na nan. Kuma kada ka ajiye 68 tsirara. Ka rubuta giram.

Mataki na 6: Nemo rarar

Ninka adadin zubi da lambar gaban mai rara, ka san abin da aka cinye:

2 × 3 = mol 6 na haidirojin, wato giram 12

Cire shi daga abin da aka fara da shi: 15 − 12 = giram 3 suka saura.

Karanta tambayar sau biyu a nan. "Nawa aka yi amfani da shi" amsarsa 12, "nawa ya saura" amsarsa 3, kuma a tambayar zaɓi duka biyun za ka tarar an jera maka su.

Mataki na 7: Binciki kanka

Nauyi ba ya ɓacewa. Abin da ya shiga 56 + 15 = 71. Abin da ya fita 68 + 3 = 71. Sun yi daidai, aikinka ya tsaya da ƙafafunsa. Na giram 9 ɗin ma haka: an cinye mol 1.5 na naitirojin, giram 42, saura 14; 51 + 14 = 65, kuma 56 + 9 = 65. Idan rararka ta fito da alamar ragi a gabanta, ka zaɓi mai ƙayyadewa ba daidai ba, koma mataki na huɗu.

Mataki na 8: Idan ɗaya narkakke ne a ruwa

Mataki na uku ne kawai ke sauyawa. Mol shi ne ƙarfin ruwan a ninka da yawansa a dm³, wato lita (dm³ ɗaya cm³ 1000 ne). Ga irin wadda ake yi a ɗakin gwaji na makaranta: an zuba cm³ 50 na asid ɗin HCl mai ƙarfin mol 1.0 a kowane dm³ a kan giram 5.0 na CaCO₃, sinadarin da ke cikin farin dutsen da ake haƙa don yin siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, shi ne kuma mafi yawan ɓawon ƙwai.

CaCO₃ + 2HCl → CaCl₂ + H₂O + CO₂

CaCO₃: 5.0 ÷ 100 = mol 0.050
HCl: 1.0 × (50 ÷ 1000) = mol 0.050

Ga tarkon: mol ɗin sun zo ɗaya, sai ɗalibi ya yi murna ya ce babu mai rara. Raba da lambar gaba tukuna. Dutsen 0.050 ÷ 1 = 0.050, asid 0.050 ÷ 2 = 0.025. Asid ne mai ƙayyadewa, rabin dutsen kawai zai ci. Za a samu mol 0.025 na CO₂, wato 0.025 × 44 = giram 1.1, da giram 2.8 na CaCl₂ idan aka ninka 0.025 da 111 aka taƙaita. Wanda ya yi gwajin da hannunsa zai ga kumfa ta daina tashi alhali ga gutsattsarin dutse, giram 2.5, kwance a gindin kwalba.

Hattara da raba cm³ da 1000. Wanda ya manta zai samu mol 50 na asid a cikin ruwan da bai cika kofin shayi ba, kuma hankali kaɗai ya isa ya gaya masa da sake. Idan an ce dutsen ba tsantsa ba ne, a ce kashi 80 cikin 100 ne CaCO₃, ka fara cire dattin: giram 4.0 za ka raba da 100, ba 5.0 ba. Sannan ga mai yin gwajin: asid ake zubawa a hankali cikin ruwa idan za a sirka shi, ba ruwa cikin asid ba, kuma a sa tabarau.

Mataki na 9: Idan iska ce

Idan an ce a ma'aunin s.t.p. ake, wato zafi digiri 0 da matsi irin na iskar da muke shaƙa, mol ɗaya na kowace iska yana cin dm³ 22.4. Raba yawan iskar da 22.4 ka samu mol, ko ka ninka mol da shi ka samu yawanta. CO₂ ɗin da muka samu a sama 0.025 × 22.4 = dm³ 0.56 ne.

Idan kuwa duka sinadaran iska ne a zafi ɗaya da matsi ɗaya, akwai yanke da JAMB ke so ƙwarai: ba sai ka nemo mol ba, yawan iskar kai tsaye za ka raba da lambar gaba. An ƙona cm³ 50 na CO a cikin cm³ 20 na oksijin:

2CO + O₂ → 2CO₂

50 ÷ 2 = 25, 20 ÷ 1 = 20. Oksijin ne mai ƙayyadewa. An cinye cm³ 40 na CO, saura 10, an samu cm³ 40 na CO₂. Idan aka tambayi jimlar iskar da ta rage a kwalba, 40 + 10 = cm³ 50.

Hattara idan ruwa na cikin abin da aka samu. A haɗa cm³ 30 na haidirojin da cm³ 20 na oksijin, a bar kwalbar ta huce: tururin ya koma ruwa, ba a ƙirga shi cikin iska, cm³ 5 na oksijin kaɗai ya saura. Binciken mataki na bakwai ma ba ya aiki da cm³, da nauyi kawai yake aiki.

Tunda zancen oksijin ya zo, wani lokacin ƙarancinsa ba tsayar da aiki kawai yake yi ba, sauya abin da ake samu yake yi. Gawayi a fili CO₂ yake bayarwa. A ɗakin da aka toshe ƙofa da taga saboda sanyin hunturu, oksijin ya yi kaɗan, sai ya koma ba da CO, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, mai kashe mutum cikin barci. Hayaƙin janareta ma na ɗauke da ita, shi ya sa ba a kunna shi a cikin ɗaki.

Mataki na 10: Kwatanta lissafi da abin da aka samu a zahiri

Giram 68 ɗin nan iyakar abin da zai yiwu ne, a takarda. A aikace ba a cika kai shi ba: wani ya maƙale a jikin kwalba, wani ya bi takardar tacewa, wani haɗin kuma gaba yake yi yana dawowa baya. Amoniya na cikin irin na ƙarshen nan. A masana'anta, da zafi kusan digiri 450 da matsi kusan sau 200 na iskar da muke shaƙa, wajen kashi 15 cikin 100 kawai ke zama amoniya a zagaye ɗaya. Sai a sanyaya ta ta zama ruwa a kwashe, a mayar da sauran iskar ta sake zagayowa.

Lissafin shi ne abin da aka samu a raba da abin da takarda ta ce, a ninka da 100. Idan giram 10.2 aka samu: 10.2 ÷ 68 × 100 = kashi 15. Amsar da ta haura 100 alama ce ta ɗayan biyu: ko ka yi kuskure a lissafi, ko abin da ka auna bai gama bushewa ba.

A masana'anta da ɗakin gwaji ba a bar wa sa'a zaɓen mai ƙayyadewa ba. Akan sa mai tsada ya zama shi zai ƙare ƙarƙaf, a zuba rarar mai araha ko mai sauƙin dawo da shi. Shi ya sa idan ana yin gishirin CuSO₄ a makaranta ake ta ƙara baƙin garin CuO a cikin asid har sai ya daina narkewa: rarar gari ana tace ta cikin minti kaɗan, rarar asid kuwa tana nan cakuɗe da gishirin.

Gwada da kanka

Rufe amsar da hannu kafin ka fara. Ana yin yuriya kamar haka:

2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O

An haɗa kilogiram 510 na amoniya da kilogiram 440 na CO₂. Wanne ne mai ƙayyadewa, buhu nawa mai kilogiram 50 na yuriya za a samu idan komai ya tafi yadda takarda ta ce, kuma me zai saura?

Amoniya mol 30,000 ce, a raba da 2 ya ba da 15,000. CO₂ mol 10,000 ne, a raba da 1 ya ba da 10,000, shi ne mai ƙayyadewa. Nauyin mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, saboda haka za a samu kilogiram 600, buhu 12 ke nan, tare da kilogiram 180 na ruwa. An cinye kilogiram 340 na amoniya, saura 170. Abin da ya shiga 510 + 440 = 950, abin da ya fita 600 + 180 + 170 = 950.